Dutin dare, girkin rana, kaina ya ɗau zafi: in ajiye aikin ne?

Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce a wani asibiti a cikin Kano, shekarata 33, yarana uku, ƙaramar watanta 14. Ina dutin dare sau huɗu a sati, in shiga takwas na dare in fito takwas na safe, ga dutin safe ɗaya wani satin biyu, saboda uku daga cikinmu sun tafi aiki waje ba a kawo wasu ba. In na dawo gida babu zancen barci, ga wanke-wanke ga girkin rana ga ɗauko yara, ga Hajiyar maigidana da muke zaune tare tana da ciwon suga, ni ke yi mata allura kuma abincinta daban. Abban yara in na yi ƙorafi sai ya ce ai ke kika zaɓi aikin, alhalin da albashina ake biyan kuɗin makarantar yara biyu. Yanzu abu kaɗan sai kuka, gabana yana faɗuwa in na ji wayata ta yi ƙara, abinci ba ya min daɗi. Satin da ya wuce saura kaɗan in ba wa wata majinyaciya maganin ta kusa da ita, Allah ya sa na ankara. Da na dawo gida na mari yarona ɗan shekara 5 don kawai ya zubar da koko, na shiga banɗaki na yi ta kuka. Ummata ta ce a yi min ruƙiyya wai ko shafa ce. Wani lokacin har ji nake da ma in kwanta kar in farka. Anti in ajiye aikin ne?

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Na karanta saƙonki sau uku wallahi kafin na iya ɗaukar waya in fara rubutu, kuma layin da ya tsaya min a rai shi ne na kusa da ƙarshe, wanda kika sa shi kamar ba komai ba, cewa da ma ki kwanta kar ki farka. Daga nan zan fara don ya fi maganar ajiye aiki gaggawa. Ban ɗauke ki mai raunin imani ba, ban ɗauke ki marar godiya ba, abin da na ji shi ne muryar wadda gajiya ta kai ta bango. Amma ke ma'aikaciyar lafiya ce, kinsan da majinyaci ne ya faɗa miki haka ba zaki sallame shi da "Allah ya sauwaƙe" kawai ba. To ki yi wa kanki abin da zaki yi masa. Cikin satin nan ki ga likitan ƙwaƙwalwa, kuma idan tunanin ya wuce fatan kar ki farka ya kai ga kina tunanin yi wa kanki wani abu, kar ki jira sati, a ranar ki gaya wa wani babba da kika yarda da shi ya raka ki asibiti, sannan duk wani magani mai haɗari da ke cikin jakarki ko durowarki ki miƙa wa wani ya riƙe.

Nasan abin da zai zo ranki, wai ina zan je a Kano da ba za a gane ni ba, 'yan ajinmu na makarantar koyon jinya sun cika asibitocin gari. Gaskiya ne kuma ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, in kuma kunyar idon sani ce ta hana ki to ga na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna, mutum zai iya fita da safe ya dawo a ranar. Tun watan Janairun 2023 shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma cikin abin da ta tanada akwai ɓoye sirrin mai neman magani da hana a nuna masa wariya. Doka daban aiki da ita daban, wannan kowa ya sani a ƙasar nan, amma dai ki san ba alfarma zaki je nema ba. In kin je ki ce a duba miki jini da hawan jini da sinadarin maƙoshi ma (thyroid, wanda matsalarsa ke kawo maƙoƙo), don ƙarancin jini da matsalar maƙoshi suna kawo kasala da faɗuwar gaba irin wannan, sannan ki gaya masa yaushe abin ya fara, domin 'yarki watanta 14 kacal, kuma ciwon damuwa na bayan haihuwa yana iya maƙalewa ya wuce shekara in ba a kula ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace ɗaya cikin biyar na samun larurar damuwa bayan haihuwa. Kinga ba ke kaɗai ba ce, shiru kawai ake yi.

Yanzu zo mu yi lissafi ni da ke, don na lura ke kanki ba ki taɓa zama kin ƙirga ba. Dare huɗu awa 12 kowanne ya kama awa 48, ki ɗora dutin safe ɗaya ko biyu, ki ɗora lokacin miƙa aiki ga masu karɓarki wanda ba ya taɓa ƙarewa a kan lokaci, ki ɗora zaman adaidaita cikin goslo zuwa da dawowa. Kin kai awa 55 kin wuce tun ba a shigo gida ba. A 2021 hukumar lafiya ta duniya tare da ƙungiyar ƙwadago ta duniya sun fitar da bincike cewa mai aikin awa 55 ko fiye a sati haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa masa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, in aka gwada shi da mai aikin awa 35 zuwa 40. Su fa aikin albashi kaɗai suka ƙirga, ba su sa daka da wanki da allurar Hajiya da raino ba. Ke kuwa in kin cire farar rigar sai ki ɗaura zani ki shiga duti na biyu wanda babu mai karɓarki a cikinsa.

Abin da ke faruwa a jikinki ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Jikin ɗan Adam yana da agogonsa, dare na barci ne rana ta kai-komo, mai dutin dare dama yana faɗa da wannan agogon, abin da ke cetonsa shi ne ya rama barcin da rana. Ke ba kya ramawa. Babban mutum yana buƙatar awa 7 ko fiye, ke ina zaton in kin samu uku a yayyanke kin gode Allah. In aka daɗe a haka jiki yana zama kamar wanda ake kora kullum, sinadaran fargaba ba sa sauka, shi ya sa ƙarar waya kaɗai ke faɗar miki da gaba, shi ya sa hankali ke gushewa har ki kusa musanya magani, shi ya sa haƙurin da kika san kina da shi ya ƙare a kan kofin koko. Kuma abin yana zagayawa ne, in kina asibiti zuciyarki na gida ko an ba wa jaririya abinci ko Hajiya ta ci abin da bai kamata ba, in kina gida zuciyarki na kan wayar in-caji, wato shugabar sashenku, ba inda kike cikakkiya, ko'ina kina jin kin gaza, wannan jin laifin shi ke cin mutum fiye da aikin kansa. Tun 2019 hukumar lafiya ta duniya ta sa irin wannan ƙonewar da aiki ke yi wa mutum cikin kundinta, ta ce alamunta uku ne, ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, ƙwazo ya ragu. Amma naki da kuka da rashin cin abinci da wancan tunanin, in ya haura sati biyu kullum a haka to ya fi kama da ciwon damuwa sosai, kuma likita ne zai tantance, ba ni ba.

Marin yaron nan ya dame ki na sani. Ni ma na taɓa shiga irin wannan lokacin ina koyarwa a wata sakandare, azuzuwa huɗu, ga makin jarrabawa ga goyo ga mahaifina kwance ba lafiya. Ranar da na gane abin ya yi yawa, na dawo daga makaranta na tsaya a zaure, hannuna a kan labule, ina jin muryar yarana a ciki suna wasa, sai na ji ƙafata ta ƙi shiga. Na fi minti goma a tsaye da jakar takardu a kafaɗa ina hawaye, ba wanda ya yi min komai, kawai na san da na ɗaga labulen nan kowa zai taso da buƙatarsa kuma babu abin da ya rage a jikina da zan bayar. 'Ya'yan da nake so kamar raina ne fa a ciki. Don haka in kin ce kin shiga banɗaki kin yi kuka na san banɗakin. Ki kira yaron ki ɗora shi a cinya ki ce masa Umma ta gaji ne ranar nan, ba laifinka ba ne, ka yi haƙuri. Ba zai rage miki girma ba, kuma ɗan shekara 5 yana gane wannan maganar sarai.

Maganar Umma da ruƙiyya, kar ki yi musu da ita, uwa ce ta ga 'yarta tana ramewa ta kawo abin da ta sani. Ki riƙe azkar ɗinki, ki yi wa kanki tofi, ba abin da ya hana. Sai dai kar a tsaya nan, kuma dan Allah kar ki bari a kai ki inda za a yi miki hayaƙi ko duka da sunan fitar da aljani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Ki gaya wa Umma a haɗa biyun, addu'a da asibiti, sannan ki roƙe ta abin da ya fi komai amfani yanzu, ko ta karɓi ƙaramar ranakun da kika sauko daga duti, ko ta turo miki ƙanwa ko 'yar 'yar uwa mai hankali ta zauna da ku.

Wani abu kuma da zan faɗa miki a matsayin yayarki, saboda aikinki ya sa magani yana kusa da hannunki. Kar ki fara shan maganin barci da kanki, ko rabin ƙwaya. Da yawa matan da suka faɗa shan kodin da su taramol ba 'yan iska ba ne, matan aure ne masu neman abin da zai kashe musu tunani na awa biyu, kin dai tuna yadda abin ya yi ƙamari a garin nan har gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Abin da likita ya rubuta miki yana bibiya daban, wanda kika ɗebo da kanki daban.

To sai tambayarki, ki ajiye ko kar ki ajiye. Ra'ayina kar ki rubuta takardar ajiye aiki a watan nan. Ba don aikin ya fi lafiyarki ba, sam. Dalilina shi ne mutumin da bai yi barci ba bai kamata ya yanke hukuncin da ba a warwarewa ba, kuma tunda aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya ga yadda kuɗin mota da na abinci suka koma, in albashinki ya tsaya yau kuɗin makarantar yara biyu zai dawo kan mutum ɗaya, sai ki fita daga damuwar gajiya ki faɗa ta rashi da zaman jiran a ba ki, na ga matan da hakan ya fi karya su. Amma kuma cigaba a yadda kike ɗin nan shi ma ba zai yiwu ba, rai ne a hannunki a asibiti, ranar nan Allah ya kare, ba a gwada sa'a sau biyu da maganin mutane. Abin da nake so ki nema shi ne hutu da ragi. Likita zai iya rubuta miki hutun rashin lafiya, in kina da hutun shekara da ba ki ci ba ki nema yanzu. Ki samu metiron ɗinku, shugabar nas-nas, a ofis ku biyu, ba a tsaye a kan hanya ba, ki gaya mata gaskiya har da kuskuren da kika kusa yi, don shugabar da ta san aikinta wannan ne zai fi tayar mata da hankali. Ki nemi a rage miki dare zuwa biyu, ko a mayar da ke sashen da ake tashi da rana kamar wajen awon ciki ko rigakafi ko da na wata shida ne, kuma ki sa buƙatar a rubuce ki ajiye kwafi. Ƙarancin ma'aikata ba ke kika jawo shi ba, ba kuma da jikinki za a cike gurbin mutum uku ba. In kin yi duk wannan, kin huta, kin sha magani in an ba ki, bayan wata uku kika ga wajen ba su da niyyar sassauci, to a lokacin sai ki nemi wani wajen da idonki a buɗe, ko ki ajiye in kun yi lissafi da maigidan kun ga za ku iya. Wannan ajiyewar daban take da ta gudu.

Na bar maganar Abban yara a ƙarshe don ita ta fi nauyi. Kalmar "ke kika zaɓi aikin" ta yi min zafi, ba zan ɓoye miki ba, tunda gidan gaba ɗaya ke cin moriyar aikin. Amma ban yanke masa hukuncin mugunta ba, maza da yawa sun tashi sun ga abinci yana fitowa kaya suna wankuwa ba su taɓa tambayar awa nawa abin ke ci ba, kuma ina kyautata zaton duk lokacin da kike masa maganar a cikin faɗa ne, kin gaji ya gaji, sai ya ji kamar zargi ya kare kansa. Ki sake salo. Ki zaɓi ranar da ba ki da duti, bayan ya ci abinci yara sun kwanta, ki ɗauko takarda da kika rubuta yadda awa 24 ɗinki ke tafiya na kwana bakwai, ki nuna masa inda barci yake, ya gani da idonsa. Ki ce masa Abban wane ba ƙorafi na zo yi ba, tsoro nake ji, na kusa kashe 'yar mutane a wajen aiki kuma zuciyata tana raya min abin da ban taɓa zato ba, ina so ka raka ni wajen likita. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa ƙanwata, shekara nawa kina haɗiyewa. In ya bi ki asibiti ya ji daga bakin likita, wallahi sau da yawa ya fi ki faɗa sau ɗari.

Kuma ki tafi da buƙatu ƙanana waɗanda zai iya cewa to a take, kar ki ce masa "ka dinga taimaka min" don bai san ta ina zai fara ba. Ɗauko yara daga makaranta ya koma wuyansa ko a yi ciniki da mai adaidaita amintacce na wata. Ranar da kika sauko daga duti daga tara na safe zuwa azahar ɗakinki a rufe, waya a kashe, ba sallama ba baƙi, abincin rana a sayo ko a ɗumama miyar da aka yi da yawa ranar hutu. A ɗauki mai wanke-wanke da shara, babbar mace ba ƙaramar yarinyar da ya kamata tana aji ba, ko da kuɗin zai fito daga adashinki ne. Allurar Hajiya kuwa, kinsan masu suga da yawa su ke yi wa kansu, ki koya wa ɗanta da ɗaya cikin 'ya'yanta mata yadda ake yi da yadda ake gwada sugan, cikin ladabi, ki ce don ranar da ba kya nan ne, wanda kuma gaskiya ne. Hidimar da kike mata alheri ne kuma Allah zai ba ki lada, amma wajibin yana kan 'ya'yan da ta haifa, ya kamata su sa hannu. In yana ganin aikin gida ya fi ƙarfin girmansa, a tuna masa an tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Idan duk da haka ya toshe kunne, ki samu wanda yake jin nauyi, yayansa ko kawunsa ko malaminsa, ba don a kai ƙara ba, don a zauna a raba kayan nan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Biki da suna da gaisuwar da ba ta zama dole ba ki ɗan ja baya na 'yan watanni, ki aika da gudummawarki ki kira a waya, masu magana za su yi ko kin je ko ba ki je ba. Guruf ɗin WhatsApp na wajen aiki ki sa shi shiru in ba kya duti, in da gaggawa ta gaske za su kira.

Ki rubuto min nan da sati biyu ki gaya min me likita ya ce, da yadda kuka yi da Abban yara, da awa nawa kike samu na barci ranar saukowa. In kuma kafin nan daren ya yi miki tsawo, tunanin nan ya dawo da ƙarfi, kar ki zauna ke kaɗai da shi, ki tashi maigidan ko ki kira Umma ko da ƙarfe biyun dare ne. Ina miki addu'a, Allah ya ba ki lafiya ya raya miki zuri'a.